Agustin na Hippo: Ya Raina Tsohon Alkawari, Daga Baya Ya Sami Almasihu A Cikinsa

A cikin ikilisiyoyinmu akwai 'yan'uwa da yawa waɗanda in ka karɓi Littafi Mai Tsarki nasu ka duba bakinsa, za ka ga wajen Sabon Alkawari ya yi dauɗa saboda yawan buɗewa, amma daga Farawa har zuwa Malakai fes yake kamar yau aka saya, in ka ɗebe Zabura. In ka tambayi dalili, sai a ce maka ai can ba kome sai yaƙe-yaƙe, da jerin sunayen kakanni, da yankan tumaki, da dokokin da aka ba Isra'ilawa. Wani saurayin ma yakan rasa ta cewa in an tare shi da zancen matan Yakubu ko abin da Dawuda ya yi wa Uriya. To, wannan damuwa ba yau ta fara ba. Mutumin da za mu duba tarihinsa a wannan fitowa ya bar bangaskiyar uwarsa har shekara 9, kuma Tsohon Alkawari yana cikin manyan abubuwan da suka kore shi. Shi ne kuma daga baya ya ƙare ransa yana koya wa jama'a cewa waɗannan littattafai tun daga farko ceto ta wurin bangaskiya suke nunawa. Sunansa Agustin, bishop na Hippo, kuma ɗan Afirka ne.

An haife shi ranar 13 ga Nuwamba, shekara ta 354, a wani ƙaramin gari mai suna Tagaste, wanda yau ake kira Suk Ahras a ƙasar Aljeriya. A zamanin nan gaɓar arewacin Afirka tana ƙarƙashin Daular Rum, kuma cike take da ikilisiyoyi. Ubansa Patrisiyus yana da 'yan gonaki, yana kuma cikin majalisar gari, amma ba mai bi ba ne, sai dab da mutuwarsa ya karɓi baftisma. Uwarsa Monika kuwa mace ce mai addu'a. Iyayen biyu sun ga yaron yana da kai, suka matse bakin aljihu suka tura shi makaranta a Madaura, sa'an nan da taimakon wani attajirin garinsu ya wuce babban birnin Kartaji, kusa da Tunis ta yau, don ya koyi fasahar magana. A wancan zamani wanda ya iya tsayawa ya yi magana a gaban taro shi ke samun muƙami. A Kartaji ne ya ajiye wata mace ba tare da aure ba. Sun zauna tare wajen shekara 15, suka haifi ɗa a shekara ta 372, aka sa masa suna Adiyodatus, wato Kyautar Allah.

Yana da shekara 19 ya karanta wani littafi na Sisero, mashahurin marubucin Rum, zuciyarsa ta kama ƙishin hikima. Da yake uwarsa ta dasa masa sunan Almasihu tun yana jariri, sai ya ce bari ya nemi hikimar nan a Littafi Mai Tsarki. Ya buɗe, bai daɗe ba ya rufe. Fassarar Latin da ke hannun masu bi na Afirka a lokacin ba ta da daɗin harshe, shi kuwa ɗalibi ne da ya saba da goguwar magana. Daga baya shi da kansa ya gane cewa girmankai ne ya hana shi sunkuyawa ya shiga ta ƙaramar ƙofa.

Nan fa ya faɗa hannun mabiya Mani. Shi Mani ya taso ne a ƙasar Babila ƙarƙashin mulkin Farisa a ƙarni na 3, ya koyar cewa tun fil azal akwai iko biyu, haske da duhu, suna yaƙi da juna. Mabiyansa a Afirka suna kiran kansu Kirista na gaskiya, suna girmama Yesu da Manzo Bulus, amma Tsohon Alkawari sun yar da shi gaba ɗaya, suna cewa wanda ya yi magana da Musa ba shi ne Uban Yesu ba. Suna da tambayoyi masu kaifi da suke tare matasa da su. In an yi mutum cikin siffar Allah, ashe Allah yana da gashi da farce ke nan? Yaya za a kira mutane masu adalci alhali suna tara mata, suna kashe mutane, suna yanka dabbobi? Agustin ba shi da amsa. Akwai kuma wani abin da ya yi masa daɗi a koyarwarsu, wato cewa in mutum ya yi zunubi ba shi ne ya yi ba, duhun da ke cikinsa ne. Saurayin da ba ya son barin sha'awarsa, ina zai sami labari mai daɗi kamar wannan? Monika ta yi kuka har ta hana shi cin abinci a gidanta na ɗan lokaci, sa'an nan ta sassauta, ta ci gaba da addu'a.

Da tafiya ta yi nisa ya fara shakka. Duk tambayar da ya yi sai a ce masa ya jira babban malaminsu Faustus. Da Faustus ya iso Kartaji wajen shekara ta 383, Agustin ya tarar da mutum mai fara'a da daɗin baki, amma iliminsa bai kai ba. Ashe fankam fankam ba shi ne kilishi ba. A shekarar nan ya ruɗi uwarsa a bakin teku, ya shiga jirgi da dare ya tafi birnin Rum. Can ɗalibai suka riƙa gudu da kuɗin makaranta, don haka da aka nemi malamin fasahar magana a Milan, inda fadar Sarkin Rum take a lokacin, ya nema ya samu a shekara ta 384.

Bishop na Milan a lokacin shi ne Ambros, wanda sunansa ya kai ko'ina wajen wa'azi. Agustin ya riƙa zuwa sujada don ya auna gwanintarsa, kamar yadda maƙeri yakan tsaya ya kalli aikin wani maƙerin. Amma tare da daɗin maganar sai ma'anar ta riƙa shiga. Ambros yakan ɗauki wuraren nan na Attaura da annabawa waɗanda mabiya Mani ke yi wa dariya, ya buɗe su, ya nuna Almasihu a ciki. Yakan yawaita ambaton 2 Korintiyawa 3:6, inda Bulus ya danganta harafi da mutuwa, Ruhu kuma da rai. A nan ne Agustin ya fara ji cewa Ikilisiya ba ta taɓa koyar da cewa Allah yana da jiki irin na mutum ba. Kunya ta kama shi, domin shekara da shekaru yana yi wa abin da ba a faɗa ba haushi. Mai karatu ya riƙe wannan aya, za mu sāke gamuwa da ita.

Kansa ya yarda, amma zuciyarsa ta ƙi. Monika ta biyo shi Milan ta nema masa auren 'yar manya, aka sallami uwar ɗansa ta koma Afirka, abin da ya bar masa ciwo mai zurfi, kuma mu ma ba za mu ce an yi wa matar nan adalci ba. Kafin auren ma ya sāke ajiye wata. A watan Agusta na shekara ta 386, yana kuka a lambun gidansu, ya ji muryar wani yaro daga maƙwabta yana maimaita waƙa mai cewa a ɗauka a karanta. Ya ɗauki wasiƙun Bulus, idonsa ya faɗa kan ƙarshen Romawa 13, daga nan gardama ta ƙare. Ya fasa auren, ya ajiye aikinsa.

Ga wani ɗan abu da ba a cika faɗa ba. Yana shirin baftisma ya rubuta wa Ambros yana tambaya wane littafi zai karanta. Ambros ya ce Ishaya. Agustin ya fara, bai gane surorin farko ba, ya ajiye shi sai ya ƙara sabawa da harshen Ubangiji. Wanda Ishaya ya taɓa gagara a cikinmu ya san yana da babban abokin tafiya. Zabura ce ta kama shi a watannin nan, musamman ta 4, har ya yi fatan da mabiya Mani za su leƙo su ga fuskarsa yana karanta ta. Ambros ya yi masa baftisma tare da ɗansa da abokinsa Alipiyus a daren Ista, cikin Afrilu na shekara ta 387. Monika ta rasu a Ostiya a shekarar nan suna hanyar komawa gida, tana da shekara 56. Adiyodatus ma bai daɗe ba ya bi ta.

Ya koma Tagaste a 388 da niyyar zaman karatu da addu'a. Littafinsa na farko a kan Maganar Allah bayanin Farawa ne, don amsa wa tsofaffin abokansa. A 391 ya ziyarci Hippo, garin bakin teku da yau ake kira Annaba, jama'a suka kama shi a cikin sujada suka tura shi gaban tsohon bishop Baleriyus aka naɗa shi firist yana kuka. Abin da ya fara roƙo shi ne a ba shi hutu ya yi nazarin Littafi Mai Tsarki. Wajen 395 ya zama bishop, ya kuma zauna a Hippo har mutuwarsa.

Faustus ya mutu, amma ya bar littafi mai sukar Attaura da annabawa da kakannin bangaskiya, littafin kuwa yana yawo a hannun masu bi. Wajen shekara ta 400 Agustin ya amsa masa a wani babban aiki mai kashi 33. A nan ne ya shimfiɗa abin da yake gani. In mutum yana tahowa da hantsi rana tana bayansa, inuwarsa takan riga shi shiga zaure, wanda ke zaune a ciki kuma ya san baƙo yana ƙofa. Haka Agustin ya karanta tarihin Isra'ila. Adamu ya yi barci aka ɗauki Hawwa'u daga haƙarƙarinsa, Almasihu ya yi barcin mutuwa a kan gicciye aka soke shi a kwiɓi, jini da ruwa suka fito, aka haifi Ikilisiya. An ceci gidan Nuhu ta wurin itace da ruwa. Ishaku ya ɗauki itacen da za a miƙa shi a kai, rago kuma da ƙahoninsa suka sarƙe a ƙaya ya mutu a madadinsa. 'Yan'uwan Yusufu sun sayar da shi, shi ne kuma ya ciyar da su. Waɗanda maciji ya sara a jeji sun ɗaga ido ga macijin tagulla suka rayu. Musa mai Shari'a bai shigar da jama'a ƙasar alkawari ba, Joshuwa ne ya shigar da su, sunan Joshuwa da na Yesu kuwa suna ɗaya ne.

Yawancin waɗannan ba shi ya ƙago su ba. Ubangiji da kansa ya yi zancen macijin tagulla da alamar Yunusa, Bulus ya ce dutsen da ya ba da ruwa a jeji Almasihu ne, malamai kamar Jastin da Ireniyus kuma sun bi wannan hanya tun ƙarni na 2. Abin da Agustin ya ƙara shi ne shinge. Ya nace cewa dole a fara gaskata cewa abin ya faru kamar yadda aka rubuta, Ibrahim mutum ne na gaske da ɗa na gaske, in ba haka ba ana gini ne a kan iska. Ya kuma ce ba kowane ƙaramin abu a labari ke ɗauke da asiri ba, ya ba da misali da garma, cewa bakin ƙarfen kaɗai ke tsaga ƙasa, amma sauran itatuwan suna nan ne don bakin ya yi aikinsa. Ma'auninsa na uku shi ne ƙauna. Duk fassarar da ba ta gina ƙaunar Allah da ta maƙwabci ba, mai ita bai gane Nassi ba tukuna. Gaskiya shi ma wani lokaci ya tsallake shingen nasa, musamman in ya shiga lissafin lambobi, kamar inda ya auna tsawo da faɗin jirgin Nuhu ya ga siffar jikin mutum a kwance. Masu wa'azinmu da ke son irin wannan su lura, ko babban malami yakan zarce.

Faustus ya ce kaciya da hadayu da Asabar ƙazanta ne tun asali. Agustin ya ce a'a, Allah ne ya umarta, Isra'ilawa kuma sun yi daidai da suka kiyaye su a jiki, Yesu da manzanninsa ma sun kiyaye. Game da Yahudawan zamaninsa ya koyar cewa su ne masu ɗauke wa Ikilisiya littattafanta, shaidu ne cewa ba Kirista suka ƙirƙiro annabci ba, kuma daga Zabura 59 ya ce kada a kashe su. A 1146 Barnad na Kilarbo ya yi amfani da wannan koyarwa don tsayar da kisan Yahudawa a ƙasar Jamus. Duk da haka Agustin ya kwatanta su da Kayinu, magana mai nauyi wadda na baya suka yi mugun aiki da ita. Akwai kuma tabo a tarihinsa da ba za mu ɓoye ba, wato yardar da ya yi hukuma ta tilasta wa 'yan ɗarikar Donatus su komo cikin Ikilisiya.

Bai san Ibrananci ba, Helenancinsa ma kaɗan ne. Shi ya sa hankalinsa ya tashi da Jerom, wanda ke zaune a Baitalami, ya fara fassara Tsohon Alkawari kai tsaye daga Ibrananci. A wata wasiƙa ta wajen 403 ya ba Jerom labarin abin da ya faru a Oya, wato Tarabulus ta yau. An karanta littafin Yunusa a sabuwar fassara, jama'a suka ji an canja sunan tsiron da ya yi wa annabin inuwa, daga duman da suka saba ji zuwa wani tsiro dabam, sai sujada ta rikice har bishop ya kusa rasa garkensa. Dattawanmu da suka tashi da fassarar Hausa ta 1932 sa'an nan aka kawo musu sabuwa za su gane abin da ya sami mutanen Oya. A wannan gardama dai Jerom ne ya fi gaskiya.

Mabiya Mani sun yar da Tsohon Alkawari. Waɗanda suka zo daga baya kuwa sun mai da shi tsani. Bayan da Alarik ya ci birnin Rum a 410, 'yan gudun hijira suka kwararo Afirka, a cikinsu akwai Pelajiyus, mutumin Birtaniya mai tsananin kamun kai, da almajirinsa Selestiyus. Pelajiyus yana koyarwa cewa tun da Allah ya ba da umarni, to, mutum yana da ikon cika shi. A Kartaji aka tuhumi Selestiyus da cewa Shari'a tana kai mutum Mulkin Sama kamar yadda Bishara take kaiwa, kuma akwai marasa zunubi tun kafin zuwan Almasihu. Agustin ya riga ya yi kokawa da wannan tun wajen 396, sa'ad da yake amsa wa Simplisiyanus na Milan tambaya a kan Yakubu da Isuwa a Romawa 9, ya fito da tabbacin cewa ko bangaskiyar kanta kyauta ce.

A 412 ya rubuta wa abokinsa Marselinus, wani babban ma'aikacin gwamnati, ɗan littafin da ake kira Ruhu da Harafi. Ya komo kan ayar nan da ya ji a bakin Ambros fiye da shekara 25 baya, ya ga tana da zurfin da bai gani ba a Milan. A can ya ɗauka harafi mai kisa shi ne karanta Nassi a sama-sama. Yanzu ya ga harafin shi ne Shari'a kanta, mai tsarki, mai kyau, har da Dokoki Goma, in ta tsaya a waje ba tare da Ruhu ba. Tana faɗa wa mutum abin da zai yi, ba ta ba shi ƙarfin yi. Ya kwatanta mugun marmari da ruwa mai gudu, wanda in ya tarar da abin da ya tare shi sai ya ƙara ƙarfi. Saboda haka aka ba da Shari'a don mutum ya san ciwonsa ya nemi alheri, alherin kuma shi ke sa a cika Shari'ar.

Abin sha'awa shi ne daga cikin Tsohon Alkawari ya ɗebo hujjojinsa. Irmiya 31 ta yi alkawarin ranar da Allah zai rubuta Shari'arsa a zukata. An yanka ɗan ragon Idin Ƙetarewa a Masar, bayan kwana 50 yatsan Allah ya yi rubutu a kan allunan dutse. An miƙa Almasihu, bayan kwana 50 Ruhu Mai Tsarki, wanda Bishara ke kira yatsan Allah, ya sauko ranar Fentikos ya yi rubutu a cikin mutane. A wasu littattafansa ya ƙara da cewa Ibrahim, wanda aka lasafta bangaskiyarsa adalci tun kafin kaciya, da Musa, da Dawuda, da Habakuk, ba a cece su ta wata hanya dabam da tamu ba. Su sun gaskata zai zo, mu mun gaskata ya zo. Alamun sun sāke, bangaskiyar ɗaya ce. Ya kuma kawo Ayuba, wanda ba Ba'isra'ile ba ne, don ya nuna cewa tun dā Allah yana da nasa a cikin sauran al'ummai, ta wurin Matsakanci ɗaya ɗin nan.

Wannan ɗan littafi ya yi tafiya mai nisa. Martin Luta, wanda ya shiga zuhudu a ƙungiyar da ke ɗauke da sunan Agustin, ya karanta shi a shekarun da yake koyar da Romawa a Witenbag wajen 1515, ya ga ba shi kaɗai ya fahimci adalcin Allah a matsayin kyauta ba. Malaman Katolika ma da Agustin suka kafa hujja, har yau kuma ɓangarorin biyu suna kiransa ubansu.

Sauran shekarunsa aiki ne ba hutu. Da safe yana shari'a tsakanin masu rigimar gado da gona, yana wa'azi sau da yawa a mako, da dare yana shifta wa marubuta. Ya rubuta Birnin Allah, kashi 22, daga 413 zuwa 426, inda ya bi sawun jama'ar Allah tun daga Habila. Amma aikinsa mafi tsawo shi ne bayanin Zabura duka 150, wanda ya ɗauke shi wajen shekara 30, yawancinsa wa'azi ne ga masunta da manoma da 'yan kasuwa. Ya koya musu su ji muryar Almasihu a cikin Zabura, wani lokaci yana magana a matsayin Kai, wani lokaci da bakin jikinsa, wato su kansu masu kuka da masu tuba.

A 429 Bandalawa ƙarƙashin sarkinsu Gensarik suka haye daga Sifen zuwa Afirka, suna ƙone garuruwa. Agustin ya shawarci masu kiwon garke kada su gudu su bar jama'a, shi ma bai gudu ba. A 430 aka kewaye Hippo da yaƙi, a wata na uku zazzaɓi ya kwantar da shi. Abokinsa Posidiyus, wanda yana wurin kuma ya rubuta tarihinsa, ya ba da labari cewa ya sa aka rubuta masa zaburan tuba na Dawuda a kan takardu aka manna a bango daura da gadonsa, yana karantawa yana zub da hawaye. Kwana 10 na ƙarshe ya roƙa kada kowa ya shigo sai likita ko mai kawo abinci. Ya rasu ranar 28 ga Agusta, 430, yana da shekara 75. Bai bar wasiyya ba, domin ba shi da abin da zai raba, sai dai ya sha yin umarni a kiyaye ɗakin littattafan ikilisiya saboda na baya. Garin ya faɗa hannun Bandalawa, amma littattafan sun tsira.